Shin Ko Kun San? Jariri, Jirgin Sama da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Shin ko kun san cewa duk wanda ya hau jirgi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato zuwa Jidda, akwai wani haske daga sararin samaniya da ke ratsa jikinsa? Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Victor Hess, shi ya gano shi a 1912, da ya hau balan-balan ya yi sama fiye da mita 5,000. Binciken ya jawo masa kyautar Nobel a 1936.

Shin ko kun san cewa wannan haske yana sauka har a fadamun Wurno da bakin madatsar ruwan Goronyo? Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tare mafi yawansa. Jirgi kuwa kan tashi kilomita 10 zuwa 12, inda iskar ta yi siriri, don haka abin da ke isowa ya ninka na ƙasa sau da dama.

Ga inda hankalin uwa zai kwanta. Maganaɗisun duniya ma garkuwa ne, kuma ya fi kāre yankunan tsakiyar duniya, irin namu, fiye da na can arewa mai ƙanƙara. Hanyar Sakkwato zuwa Jidda duk cikin wannan yanki take. A ƙiyasin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2008, mutum kan sha kimanin milisibat 2.4 na irin waɗannan haskoki a shekara daga ƙasa, iska, abinci da sama, ko da bai taɓa barin Rabah ba. Abin da yaro zai ɗauka a tafiyar Umara, zuwa da dawowa, bai kai na mako guda na zaman gida ba. Ma'aikatan jirgi da ke yini a sama shekara da shekaru, musamman masu juna biyu a cikinsu, su ake lissafa wa adadin.

Gaskiya ne jikin yaro ya fi na babba saurin cutuwa da haske mai ratsa jiki, saboda ƙwayoyin jikinsa na cikin girma. Amma hoton kai na na'urar CT sau ɗaya ya fi tafiyar Jidda sau da yawa. Idan likita ya ce a yi, a yi. A dai daina matsa wa likita ya rubuta hoto don kawai hankalin iyaye ya kwanta.

Ƙofar binciken da ake ratsawa a filin jirgi ƙarfe take nema da maganaɗisu, ba ta ɗaukar hoton ƙashi. Na'urar da jakunkuna ke shiga ce ke yin haka, kada a bar yaro ya zura hannu.

Abin da na fi so iyaye su damu da shi shi ne kunne. Lokacin sauka iska kan danne dodon kunnen jariri, ya yi ta tsala kuka. A ba shi nono, haɗiya ke buɗe kunnen. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, sai a yawaita ba jariri nono, yaron da ya tasa kuma ruwa. Sannan Saudiyya na neman shaidar rigakafin sanƙarau daga maniyyata, da ta zazzaɓin shawara daga masu tasowa daga Nijeriya. A tambayi asibiti tun da wuri wacce ta dace da shekarun yaron, domin allurar sanƙarau sai ta kwana 10 a jiki kafin ranar shiga ƙasar.