Daga Singafo zuwa New York: kilomita 15,300 babu yada zango

Tafiya mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi a yau ba tare da ya sauka a hanya ba ita ce ta kamfanin Singapore Airlines, daga Singafo zuwa filin jirgin JFK da ke New York. Tazarar ta kai kimanin kilomita 15,300, wato ta ninka ta Kano zuwa Jidda sau huɗu da ɗoriya. Fasinja kan shafe sa'o'i 18 zuwa 19 a sama.

Wannan adadi ma'auni ne na hanya mafi gajarta a bayan ƙasa. Da yake duniya dunƙulalliya ce, hanyar takan bi ta can ƙuryar arewa, yankin ƙanƙara. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ka ga kamar zagaye ne, alhali yanke ne.

Matuƙa ba su cika bin wannan layi sak ba, iska suke farauta. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa a tafiya sukan bi ta Japan da tekun Fasifik, a dawowa kuma sau da yawa su tsallaka tekun Atlantika su ratsa Turai. Kilomitoci sun ƙaru, amma an rage shan mai.

Jirgin Airbus A350-900ULR da aka keɓe wa irin wannan tafiya kujeru 161 kacal gare shi, kuma babu ɓangaren masu ƙaramin tikiti. An rage mutane ne don a samu damar ɗaukar isasshen mai, shi ya sa kuɗin kujerar ba na kowa ba ne.