Kafin Ka Ɗora Babur A Mota: Yadda Wayarka Za Ta Tsare Maka Dukiyarka

A ranar 1 ga watan Yuni na 2022 dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Yayana yana cikin waɗanda abin ya shafa. Da ya ga ana kame babura ana niƙewa, sai ya yanke shawarar turo nasa gida Kano kafin a raba shi da shi. Boxer ce, bai fi wata bakwai da saye ba, kuma bai gama biyan kuɗinta ba. Ya kai ta wajen masu lodi, ya biya, ya turo min lambar direba.

Ni na je karɓa. Abin da aka sauko min da shi daga tirela sai da na sake duba lamba kafin na yarda tasa ce. Tanki ya lotse a gefen hagu, hannun kuloci ya karye, madubi ɗaya babu, baƙin mai ya jiƙa matatar iska. Na ce wa direba, "Malam, ya haka?" Ya dube ni ya ce haka aka ba shi. Na kira yayana, ya rantse lafiya lau ya miƙa ta. To, wa zai raba gardama? Ba hoto, ba bidiyo, ba takarda. Mutum biyu kowa da wayar Android a aljihu, amma ba wanda ya tuna ya ɗauki hoto ko ɗaya. Mu muka biya kuɗin gyara.

Shi ya sa da zan tura wa ƙanina nawa babur Ilori, inda yake karatu, na zauna na tsara abin kamar yadda nake tsara manhaja: ina ne zai iya lalacewa, kuma idan ya lalace, da me zan nuna?

Shaida tukuna, kafin igiya

Ka wanke babur ɗin. Ba don kwalliya ba. Ƙura tana ɓoye ƙarzuwa, kuma idan hotonka bai nuna fenti sarai ba, ba shi da amfani ranar rigima. Sannan ka ɗauki bidiyo guda ɗaya wanda ba ka tsayar ba daga farko har ƙarshe. Ka zagaya babur ɗin a hankali, ka tayar da shi a ji ƙarar inji, ka kunna fitila da sigina, ka nuna kilomitar da ke kan mita, ka matso kan lambar inji da lambar shasi har su karantu. Ka ƙare bidiyon da lambar motar da za ta ɗauka. Idan direba ya yarda, ya fito a ciki. Yawancinsu ba sa ƙi idan ka yi magana da ladabi, don shi ma kariya ce gare shi daga mai ƙaryar cewa an lalata masa kaya.

Ga inda mutane da yawa ke yin kuskure. Hoton da wayarka ta ɗauka yana ɗauke da bayanai a ɓoye cikin fayil ɗin, waɗanda ake kira EXIF: rana, lokaci, irin wayar, har da wurin da aka ɗauka idan ka bai wa kyamara izinin sanin wuri. Da zarar ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta kuma goge waɗannan bayanai. Abin da zai isa wajen ɗan'uwanka hoto ne da ba wanda zai iya tabbatar da ranar da aka ɗauke shi. Maganin mai sauƙi ne: ka tura shi a matsayin fayil, wato ta wajen da ake tura takardu, ko ka ɗora a Google Drive ka aika mahaɗin. Kafin nan ka shiga saitin kyamara ka kunna ajiye wuri, don a wayoyi da yawa a kashe yake zuwa.

Kuɗi kuma ka biya ta banki, ba hannu da hannu ba. A wajen rubuta dalilin turawa ka sa lambar babur da garin da za a kai shi. Ni rabi nake bayarwa, ragowar sai kaya sun sauka an duba. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗa maka wani abu game da kansa. Ka karɓi takardar shaidar lodi, wadda a tasha ake ce wa webil, ka tabbata an rubuta lambar inji a kai, ba "mashin ɗaya" kawai ba. Kwafin rasit da takardun babur su bi direba saboda shingen 'yan sanda da na kwastan. Na asali su zauna a hannunka.

Abin da ke karya babur a mota

Babur an yi shi ne ya tsaya a miƙe. Idan aka kwantar da shi, fetur yana tsiyaya ta murfin tanki da kafireto, baƙin mai yana iya bi ta bututun numfashin inji ya shiga akwatin matatar iska, batir mai ruwa kuma ya zubo da asid ɗinsa ya cinye fenti da wayoyi. Abin da ya samu na yayana ke nan. Saboda haka magana ta farko da mai lodi ita ce: a tsaye za a ɗaure shi ko a kwance? Idan ya ce a kwance, a kan buhuna, nemi wata mota ko da ta fi tsada.

Ka rage fetur ya zama saura kaɗan, ka rufe makullin mai, ka bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa don kafireto ya bushe. Ka kwance madubai ka naɗe su daban. Tanki da robobin gefe ka lulluɓe da tsohon bargo ko soso, sannan kwali a sama. Kada ka manna salatif kai tsaye a kan fenti, zafin rana zai narkar da gam ɗin ya bar tabo. Tamfol ma da ake gani kamar kariya, idan bai ɗauru tamau ba iska za ta yi ta kaɗa shi a jikin tanki awa bayan awa, da ƙura a tsakani, ya zama kamar an goga yashi.

Ɗauri kuwa wuri huɗu ne, biyu gaba biyu baya, kowanne yana ja zuwa ƙasa da waje. A ɗaura a jikin ƙarfen babur, ba a bakin hannu ko kan roba ba. Tayar gaba ta tokari bango ko katako, a ɗaure hannun birki da robar tsohon tub don kada ya gangara. Idan ana jan igiyar gaba, shokazoba ta ɗan nutse, amma kada a danne ta har ƙarshe: idan ba ta nutse ba igiya za ta saki a ramin farko, idan kuma an danne ta gaba ɗaya robar da ke riƙe mai za ta iya fashewa ta fara yoyo. Kada a bar nauyin babur a kan jak ɗin gefe. Duk ramin da mota ta faɗa, a kansa bugun zai sauka.

Mai babur na lantarki, idan batir ɗin yana cirewa, ka cire shi ka sa a kwali daban, nesa da rana, kuma kada ka cika shi da caji. Dokar jiragen sama ma ba ta yarda a yi jigilar batirin litiyam shi kaɗai da cajin da ya wuce kashi 30 cikin 100 ba.

Bin sawu: AirTag, tiraka, ko tsohuwar waya?

Abokina ya ce in saya AirTag kawai. Ban saya ba, ga dalili. AirTag ba shi da GPS, ba shi da sim. Siginar Bluetooth yake fitarwa, sai wata iPhone da ke kusa ta ji shi ta sanar da Apple inda yake. A Wuse ko Lekki wannan yana aiki sosai. A dajin da ke tsakanin Tegina da Mokwa fa, iPhone nawa za ta wuce kusa da tirela? Tsarin Google mai kama da wannan, wanda ya fara aiki a 2024, ya dogara ne da wayoyin Android, kuma su suka fi yawa a hanyoyinmu, amma shi ma sai wata waya ta zo kusa tana da data.

Tiraka mai sim ta fi dacewa da doguwar hanya, sai dai akwai tarko. Yawancin waɗanda ake sa wa babur daga batir ɗin babur suke shan wuta, ɗan batirin cikinsu na 'yan awanni ne. Kai kuma an ce ka cire kan batir kafin lodi don gudun tartsatsi. Ka cire, tiraka ta mutu kafin mota ta bar Zariya. Idan za ka saya don wannan aiki, nemi mai babban batir nata na kanta.

Ni tsohuwar Tecno na yi amfani da ita, wadda gilashinta ya tsage. Na sa mata sim mai data, na haɗa ta da fawa banki, na kunna raba wuri a Google Maps, na zaɓi ya ci gaba har sai na kashe da kaina. Kada ka dogara da na WhatsApp, iyakarsa awa 8, tirela kuwa tana iya kwana biyu a hanya. Ka cire Maps daga jerin manhajojin da waya ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba za ta rufe shi a ɓoye. Na rage hasken fuska, na naɗe ta a soso na sa ƙarƙashin kujera, nesa da tanki. Wayar da batirinta ya kumbura kada ka kuskura ka sa ta kusa da fetur. Kuma na gaya wa direba akwai ta. Ba leƙen asirinsa nake ba, kayana nake bi.

Na ƙara wani abu don son sani. Kowace wayar zamani tana da na'urar auna girgiza, ita ce ke juya fuska idan ka karkata waya. Na rubuta ƙaramar manhaja da ke ajiye lokaci da wuri duk sa'ad da girgiza ta wuce wani mataki. Wanda bai iya rubuta manhaja ba zai iya gwada phyphox, kyauta ce, wata jami'a a Aachen ta Jamus ta yi ta. Na ɗauka ramukan hanya ne za su fi yawa a sakamakon, kuma sun fito da yawa. Amma bugu biyu mafi tsanani ba a hanya suka faru ba: ɗaya a Kano lokacin ɗorawa, ɗaya a Ilori lokacin saukewa. Tun daga nan nake cewa idan ba za ka iya komai ba, ka tsaya a wajen lodi da kanka, ka kuma sa wani ya tsaya a wajen sauka, a nemi katako a gangaro da babur maimakon a ɗago shi da hannu a dire.

Maganar inshora a taƙaice: wadda ake yanka tare da takardun babur ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba za ta biya ka tankin da ya lotse a tirela ba. Akwai inshorar kaya a kan hanya daban, har da ta tsarin takaful. Idan kamfanin jigila ya ce yana da ita, ka ce a nuna maka a rubuce, da adadin da za su biya.

Ranar da babur ya isa, na sa ƙanina ya kira ni ta bidiyo kafin a kwance igiya ko ɗaya. Muka bi hotunan Kano ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ƙasan inji ko akwai ɗigon mai, ya duba sandunan shokazoba ko sun jiƙe, ya juya kan babur hagu da dama, ya matsa birki, ya auna baƙin mai kafin ya tayar. Abu ɗaya muka samu: murfin siginar baya ta dama ya tsage. Na tura wa direba hoton da aka ɗauka a Kano mai rana da lokaci, ya duba, ya ce a cire kuɗin a cikin ragowar da zan ba shi.