Zane Da Fentin Mai Ba Tare Da Tafentayin Ba

A ɗakin zane na makarantarmu, da zarar an buɗe kwalbar tafentayin, wato ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, sai kan wasunmu ya kama ciwo. Wani abokina mai ciwon fuka har ya yi niyyar barin darasin. Ganin haka malaminmu ya koya mana aiki da mai zalla, ga kuwa yadda abin yake.

Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro. Wannan mai ba ya bushewa kamar ruwa. Iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare. Ni da kaina na taɓa gwada man gyaɗa don arha, amma bayan mako uku zanen yana nan danƙo, domin man gyaɗa ba ya daskarewa.

Shafin farko ana yin sa da fenti yadda ya fito daga ma'ajinsa, a murza shi siriri da burushi mai tauri. A bar shi ya bushe sarai, ko da zai kai mako guda. Sa'an nan a ɗiga mai kaɗan cikin wani launi, a shafa shi shara-shara, a goge rarar da tsumma. In shuɗi ya hau rawaya, haske zai ratsa shi ya dawo, sai ido ya ga kore mai sheƙi. Ƙa'idar ita ce kowane shafi ya ɗan fi na ƙasansa mai. In aka saɓa, na sama ya riga bushewa, zanen ya tsattsage.

Wannan dabara ta shafi a kan shafi tsohuwa ce. Jan van Eyck, mai zane na ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya yi amfani da ita a zanen Arnolfini da matarsa na 1434, wanda ke Landan.

Burushi kuwa, a goge shi da mai, a wanke da sabulu. Amma fa 'yan'uwa, kada a dunƙule tsumman da ya sha man linsid a jefa kwando, domin yakan ɗau zafi har ya kama wuta. A shanya shi a waje.

Abokina dai bai bar darasin ba. Aikin yana cin lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa.