Karatun Yara a Gida Idan An Rufe Makaranta

A watan Maris na 2020 gwamnatin Najeriya ta rufe makarantu saboda cutar korona, yaran firamare a jihohin Arewa da dama kuwa ba su sake ganin aji ba sai wajen Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan ɗan aji ɗaya yana zaune gida, daidai lokacin da yake koyon haɗa baƙi da wasali. Karatun ƙuruciya kuwa, in ba a biya shi kullum, zubewa yake yi.

Makarantun kuɗi na birane sun koma turo jinga ta WhatsApp. To amma wayar tana aljihun maigida, shi kuma yana wajen nema. In ya dawo da dare, ko data ta ƙare ko babu wuta. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun sa darussa a rediyo da talabijin, sai dai rediyo ba ya riƙe hannun yaro ya nuna masa yadda ake kama fensir.

Nauyin sai ya faɗo kan uwa da yayye.

Uwar da ba ta yi boko ba takan ɗauka ba ta da ta cewa, alhali tana da ita. Tana tsintar wake a faifai, sai ta ware ƙwaya goma ta ce wa yaro ya cire uku ya ƙirga saura. Lissafi ya samu. Yayarsa ta rubuta masa "ba, be, bi" da gawayi a daɓe, ya kwaikwaya, ya share, ya sake. Tsarin makarantar allo ma ya isa abin koyi: lokaci sananne, karatu kaɗan, ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Rabin sa'a bayan karin kumallo kowace rana ya fi a tsare yaro wuni guda da tsawa da bulala, ya tashi ya tsani littafi.

Rufe makaranta bai ƙare da korona ba. Katsina ta rufe makarantunta bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, Zamfara ta rufe na kwana bayan sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021. Don haka duk ranar da aka sallamo yara, iyaye su je wurin malamin aji su karɓo littafin karatu, su tambayi inda aka tsaya.