Kafin A Yi Wa Mai Lambar Yabo Tafi: Jan Hankali Ga 'Yan Jaridar Jigawa

Duk mai sauraron Rediyo Jigawa ko Freedom Dutse ya haddace zubin labarin taron bita. An horar da ma'aikata kaza, babban sakatare ya yi jawabi, mahalarta sun gode wa gwamnati, an raba takardun shaida. A nan labarin yake tsayawa. Da wuya ka ji an koma bayan wata shida an tambayi ko malamin da aka horar ya sauya yadda yake koyarwa, ko akawun ya daina ɓatar da fayil.

Akwai wata taska da za ta taimaka wajen cike wannan giɓi, wato bayanan da ma'aikatu da kamfanoni ke rubutawa idan suna neman lambar yabo a kan horar da ma'aikatansu. A Ingila, cibiyar City & Guilds ta fara bayar da irin wannan lamba da sunan Gimbiya Anne a 2016. A Amurka akwai ta Brandon Hall. A nan gida, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedikwata a Jos, yakan karrama kamfanonin da suka yi fice. A gasannin waje, mai nema sai ya bayyana matsalar da ta sa aka shirya horon, da yadda aka gudanar da shi, da abin da ya sauya daga baya. Wannan jerin kaɗai ya ishi ɗan jarida ya tsara tambayoyinsa, ko da bai taɓa taka ƙafa a Landan ba.

Sai dai a karanta da ido biyu. Mai neman lambar shi ke rubuta labarin kansa, wasu gasannin ma sai an biya kuɗin shiga. Babu kamfanin da zai aika da tarihin horon da ya ci kuɗi ya watse. Saboda haka abin da ke hannunka zaɓaɓɓe ne cikin zaɓaɓɓu, kuma Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne na wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, wanda ya wallafa a 1959. Ya ce horo hawa huɗu ne: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko sun yi aiki da shi da suka koma ofis, sannan ko ma'aikatar ta ga amfani. Yawancin rahotanninmu a hawa na farko suke maƙale, kuma wanda ya ci abinci ya karɓi kuɗin mota ai ba zai ce maka bai ji daɗi ba. Bayani mai nagarta shi ne wanda ya kai hawa na uku da na huɗu, ya kuma faɗi wanda ya yi awon. Idan mai horarwar ne ya auna kansa, a gaya wa mai sauraro haka.

Dalilin wannan tsantseni ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara binciken da aka yi a kan shirye-shiryen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa, ya gano cewa cikin mutum 100 da aka ba horo, ƙasa da uku ne suka samu aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba. Wanda ya san wannan ba zai haɗiye iƙirarin "kowa ya samu abin yi" ba tare da ya nemi hujja ba.

Jigawa kuwa ba ta rasa abin aunawa. Shirin ESSPIN na gyaran makarantu, da kuɗin Birtaniya, ya yi aiki a jihar tun daga 2008, sannan TDP mai horar da malaman firamare ya biyo a 2013. Shirin W4H, wanda ya fara a 2012, ya ɗauko 'yan mata daga karkara ya shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma irin ta Birnin Kudu, da nufin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Waɗannan shirye-shirye sun bar rahotanni a rubuce, da yawa a intanet. Shekaru sun ja yanzu, lokacin da ya dace ke nan a ɗauki rahoton a tafi Kiyawa ko Jahun a nemi malamar asibitin: tana nan, ko an mayar da ita birni? Malamin yana amfani da littafin darasin da aka ba shi? A nan labarin yake, kuma daga Dutse tafiyar ba ta kai ta kwana ba.

Ta fuskar kamfanoni ma akwai ƙofa. Doka ta ɗora wa waɗanda suka kai wani girma biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu na shekara ga ITF, kuma ana iya mayar musu da har rabin kuɗin idan sun nuna shaidar horar da ma'aikata. Ke nan akwai takardu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata.

Kira ga editocinmu: duk wakilin da kuka tura bikin rufe bita ko karɓar lambar yabo, ku rubuta ranar, ku sake tura shi wurin aikin mahalartan bayan wata shida, ku kuma biya masa kuɗin mota daga aljihun gidan, ba daga na masu taron ba.