Gardamar motar Corvette ta Amurka: ta 1963 ce ta fi ko ta 1967?

Duk wanda ya taɓa tsayawa cinikin mota ya san cewa bayan an tambayi sunanta, abu na biyu da ake tambaya shi ne ta wace shekara ce. Sai ka ga motoci biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya, fenti ɗaya, amma tazarar shekara guda ta raba kuɗinsu nesa ba kusa ba. A ƙasar Amurka akwai wata mota da aka daɗe ana tafka irin wannan gardama a kanta, wato Chevrolet Corvette, motar gudu mai kujera biyu ta kamfanin General Motors, wadda aka fara ƙerawa a 1953 kuma har yau ba a daina ba. Masoyanta sun rabu gida-gida, kowa da shekarar da yake kambamawa, kuma gardamar ba ta fatar baki ba ce kawai, domin a wuraren gwanjo miliyoyin dalar Amurka ne ke sauya hannu a kanta. In mun ce dala a nan, mai karatu ya lura, ba dalar nan tamu ta sefa biyar muke nufi ba.

Yadda aka faro

A watan Janairun 1953 ne aka fara nuna motar ga jama'a a birnin New York, aka raɗa mata sunan wani ƙaramin jirgin ruwan yaƙi mai sauri. A ƙarshen watan Yunin shekarar aka soma haɗa ta a garin Flint na jihar Michigan. Guda 300 kacal aka yi a wannan shekara, dukansu farare masu jan ciki, kan kuɗi kusan dala 3,500 kowace. Jikinta ba ƙarfe ba ne, faiba ce, wato wata roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi, wadda ba ta tsatsa.

Akwai masu cewa ta 1953 ce ta fi tunda ita ce uwa. To amma in aka cire tarihi da ƙarancinta, motar ba ta cika sunanta ba. Injinta mai silinda shida ne, ƙarfin doki 150, giyarta kuma otomatik mai hawa biyu, abin da bai gamsar da masu son gudu ba. A 1954 an ƙera 3,640, da yawa suka yi kwantai a hannun dillalai, har a 1955 aka koma guda 700, kamfani ya fara tunanin rufe babinta. Abu biyu suka cece ta. Na farko kishi, domin kamfanin Ford ya fito da tasa mai kujera biyu, Thunderbird, tana ta shiga kasuwa. Na biyu sabon inji mai silinda takwas da aka sa mata a 1955, da kuma wani injiniya mai suna Zora Arkus-Duntov, haifaffen Beljiyam da ya tashi a Rasha, wanda ya dage sai an mai da ita motar tsere ta gaske. A 1957 ta samu inji mai injekta mai ƙarfin doki 283 da giyar hannu mai hawa huɗu. Daga nan ne aka fara jin ɗuriyarta.

Ta 1963, mai rababben gilashi

A 1963 aka sauya motar baki ɗaya, aka ƙara mata laƙabin Sting Ray, sunan wani faffaɗan kifin teku mai ƙaya a wutsiya. Shugaban sashen zane na kamfanin, Bill Mitchell, da mai zane Larry Shinoda ne suka fitar da siffarta. Fitilun gaba suna juyawa su ɓuya cikin jiki, tayoyin baya kowace tana motsi da kanta ba tare da ta ja ƴar'uwarta ba, injin kuma ya kai lita 5.4, mafi ƙarfinsa doki 360. A karon farko aka yi mai rufaffen kai bayan buɗaɗɗiyar da aka saba. An ƙera 21,513 a shekarar, 10,594 daga ciki rufaffu ne.

Abin da ya sa ta yi suna shi ne gilashin baya na rufaffiyar, wanda aka raba biyu da wata sanda da ta taso daga rufi ta gangara tsakiya kamar ƙashin baya. Mitchell ne ya so haka saboda ado. Duntov kuwa ya ƙi, domin sandar tana tare wa direba ganin abin da ke bayansa a madubi. Mai ado ya yi nasara shekara guda, mai inji ya yi nasara daga baya: a 1964 aka cire sandar aka sa gilashi guda.

A nan ne darasin kasuwa yake. A wancan lokaci wasu masu ta 1963 sun kai motocinsu gareji an yanke sandar an sa gilashin 1964, don kada a ce suna hawan tsohon yayi. Yau wannan sanda da aka raina ita ce ta sa masu tara tsofaffin motoci ke rububin motar, kuma wadda aka yanke wa tata darajarta ta faɗi. Abin da aka ɗauka aibi ne jiya ya zama shaidar asali, saboda shekara ɗaya tak aka yi shi.

Sai dai kyan gani daban, kyan aiki daban. Ta 1963 birkin ganga gare ta a tayoyi huɗu, irin wanda ke sanyi in ya ɗauki zafi. Mota mai irin wannan gudu da irin wannan birki, kamar ingarman doki ne da linzamin igiya.

Ta 1967, autar gida

Kamfani ya ci gaba da gyara samfurin shekara bayan shekara. A 1965 aka sa birkin faranti a duk tayoyi huɗu, aka kuma kawo babban inji mai lita 6.5. A 1966 ya koma lita 7, wanda masu motar ke kira 427. An so a fito da sabon samfuri a 1967, amma aikinsa bai kammala ba, sai aka ƙara wa tsohon shekara guda. Wannan jinkiri ya zama alheri, domin injiniyoyi sun samu damar share sauran ƴan matsalolin da suka rage. An rage kwalliyar jiki, an mai da birkin hannu tsakanin kujeru, aka bai wa mai saye zaɓin inji tun daga doki 300 har zuwa 435, wannan na ƙarshe da kafireta uku a kansa. An ƙera 22,940 a shekarar.

Daga cikinsu akwai guda 20 da aka sa wa wani inji na musamman mai lamba L88, wanda don filin tsere aka yi shi. Kamfani ya rubuta masa doki 430, ƙasa da na 435 ke nan a takarda, alhali masana sun yi ittifaƙin ya haura 500. An yi haka ne don kada mutumin gari ya yi sha'awarsa. Kuɗin injin kaɗai ya kusa dala 950, motar ba rediyo ba hita, kuma sai man fetur na musamman mai lamba 103 take sha. A watan Janairun 2014 an sayar da ɗaya daga cikin ashirin ɗin nan a gwanjon Barrett-Jackson da ke garin Scottsdale na jihar Arizona kan dala miliyan 3.85, wato sama da sefa biliyan ɗaya da rabi a canjin lokacin.

Abin da ya biyo baya

Sabon samfurin ya fito a 1968, kuma kamar yadda aka saba da shekarar farko, masu saye da ƴan jaridar mota sun yi ta ƙorafi kan rashin ingancin haɗi. An gyara da dama a 1969, shi ya sa ita ma take da nata magoya baya. Daga nan kuma zamani ya juya. Dokokin rage hayaƙi suka tsananta a Amurka, rikicin man fetur na 1973 ya zo, aka yi ta rage wa injina ƙarfi har a 1975 ƙaramin injin Corvette ya koma doki 165, kaɗan ya ɗara na 1953.

Abin mamaki, shekarar da aka fi ƙera motar a tarihi ita ce 1979, guda 53,807. Da yawan ciniki ne ma'aunin fifiko, da ita ce sarauniya. Amma yau tana cikin masu sauƙin kuɗi, domin tana da yawa kuma ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. Ɗan kasuwa ya san wannan tun a rumfarsa: kayan da kowa ke da shi ba ya tsada.

A 1981 aka mai da masana'antar garin Bowling Green na jihar Kentucky. Babu Corvette ta 1983 a kasuwa. An yi ƴan gwaji 43, ɗaya ce ta rage, tana gidan tarihin motar a garin. Saboda haka duk wanda ya zo maka da ta 1983 na sayarwa, ka san da wa kake magana. A 2020 kuma aka mai da injin bayan kujerar direba, burin da Duntov ya rasu a 1996 bai ga cikarsa ba. Na yanzu sun fi na da gudu da birki da tsimin mai, ba gardama. Amma masu wannan muhawara tsofaffi suke nufi, waɗanda ba za a sake ƙera irinsu ba.

To wace ce ta fi?

In kyan sura ake nema da abin da za a gane tun daga nesa, ta 1963 ba ta da na biyu. Amma in aka ɗora komai a sikeli, wato sura da inji da birki da ingancin haɗi da kuma darajar da ta riƙe a kasuwa, ta 1967 ce ta rinjaya. Tana da jikin nan da aka so a 1963, ta samu birkin da waccan ba ta da shi, ta samu inji mafi girma, kuma ta zo ne bayan an shafe shekara huɗu ana gyaran kurakurai. Ta farko ta kawo suna, ta ƙarshe ta zo da nuna.

Sai dai inda kuɗi ya taru, nan ƴan damfara ke taruwa. Ana ɗaukar ta 1967 mai ƙaramin inji a sa mata babba, a goge lambar da ke jikin injin a buga sabuwa, a sayar da ita a matsayin ta asali. Har masu sana'ar kan yi raha cewa masu doki 435 da ke yawo yau sun fi waɗanda kamfani ya ƙera yawa. Shi ya sa mai saye na gaske ba ya kallon fenti. Yana duba ko lambar inji ta yi daidai da lambar shasi, yana kuma neman takardar da masana'anta ta fara liƙawa a saman tankin mai daga 1967, mai ɗauke da jerin abin da aka sa wa motar ranar da aka haɗa ta. Wata tsohuwar takarda da ta sha ƙura tana iya raba farashin mota biyu da dubban daloli.

Abin da ya shafe mu

Corvette ba motar hanyoyinmu ba ce. Cikinta dab yake da ƙasa, ba ta ɗaukar kaya, tana shan mai, kayan gyaranta kuma sai an yi oda. Amma motocin Amurka na hannu da ake saukewa a tashoshin Kwatano da Lome suna shigowa kasuwanninmu, kuma ƙa'idar ɗaya ce.

Da farko, shekarar mota a Amurka ba ita ce ta kalanda ba. Galibi sabon samfuri kan fito tun kafin shekarar da ke sunansa ta kama, kamar yadda Corvette ta 1963 ta shiga kasuwa a ƙarshen 1962. Na biyu, tun daga 1981 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai gurbi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba, kuma gurbi na goma shi ne ke faɗin shekara. Harafin Y na nufin 2000, lamba 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, L kuma 2020. Haruffan suna zagayowa bayan shekara 30, amma siffar motar za ta nuna maka zamaninta. Motocin da aka yi don kasuwar Turai ba duka ke bin wannan tsari ba. Na uku, shekarar farko ta sabon samfuri ita ce ta fi ɗaukar ido, ta ƙarshe kuma sau da yawa ita ce aka fi gyarawa, don haka mai neman motar aiki kada sabon yayi ya ruɗe shi.

Dillali zai faɗi shekarar da ta yi masa daɗi, takarda ma ana iya sauya ta. Kafin ka miƙa kuɗi, je ka ƙirga gurbi na goma da idonka, ka sa makanikenka ya duba inji, kada a yi cinikin biri a sama.