Hanyar Harshen Uwa Wajen Koya wa Yara Kiɗan Celo: Nazari a Kan Tsarin Shinichi Suzuki

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai masana harshe kan leƙa ɗakin koyon kiɗa ba, alhali kuwa akwai wani tsarin koyar da yara kiɗa da aka gina shi kacokan a kan wata da'awa game da harshe. Mai tsarin shi ne Shinichi Suzuki (1898-1998), mutumin Japan, wanda ya raɗa wa hanyar tasa suna hanyar harshen uwa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake amfani da hanyar wajen koya wa yara kiɗan celo, sannan ta ɗora da'awar tasa a kan ma'aunin abin da aka sani game da yadda yaro ke tashi da harshensa.

Celo dai babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, waɗanda ake kira C da G da D da A, daga mai kaurin amo zuwa mai siririn amo. Tsayin cikakkensa ya kai wajen santimita 120. A zaune ake kaɗa shi, a jingina shi a ƙirji tsakanin gwiwoyi, yana tsaye a kan wani tsinken ƙarfe da ke tokare da ƙasa. Hannun dama ke jan izga, wato sandar da aka ɗaure wa gashin wutsiyar doki, yatsun hagu kuma su danne tsirkiya. Saboda girmansa, akan ƙera wa yara ƙanana daidai jikinsu, tun daga mai kashi ɗaya bisa goma zuwa kwata da rabi, har yaro ya isa riƙe cikakke.

2.0 Asalin Tsarin

An haifi Suzuki a birnin Nagoya, inda mahaifinsa Masakichi ke da masana'antar ƙera biyolin, wato ƙaramin gogen Turawa. Bai fara kiɗa ba sai da ya kusa shekara ashirin. A farkon shekarun 1920 ya tafi Jamus, ya zauna kusan shekara takwas yana karatu a Balin a hannun Karl Klingler. Bayan ya koma gida, a farkon shekarun 1930, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara huɗu mai suna Toshiya Eto don ya koya masa biyolin. Yana cikin neman hanyar da za ta dace da yaro ƙarami haka sai hankalinsa ya kai ga wani abu da kowa ya sani amma ba wanda ke mamakinsa: duk yaran Japan suna jin Japananci, kuma yaran Osaka da karin harshen Osaka suke tashi, duk da wuyar da yake yi wa baƙo. Daga nan ya yanke cewa gwaninta aba ce da muhalli ke renonta. Idan har kowane yaro na iya mallakar abu mai sarƙaƙiya kamar harshe, to yana iya mallakar kiɗa, muddin an bi da shi ta hanya guda.

A shekarar 1946 aka buɗe makarantar kiɗa a garin Matsumoto, inda ya fara aiwatar da ra'ayin nasa sosai. Da biyolin aka soma, daga baya aka faɗaɗa zuwa celo da fiyano da sarewa. A 1961 mashahurin makaɗin celo Pablo Casals ya saurari ɗaruruwan yaran Suzuki suna kiɗa a Tokyo, a 1964 kuma Suzuki ya kai yara goma Amurka, abin da ya buɗe wa tsarin ƙofa a wajen Japan.

3.0 Yadda Darasi ke Gudana

Yaro kan fara yana ɗan shekara uku zuwa biyar, amma darasin farko na kunne ne. Tun kafin ya taɓa celo ake sa masa faifan kaɗe-kaɗen da zai koya, kullum, yana wasa ko yana cin abinci, har su zauna masa kamar yadda maganar gida ke zauna masa. Uwa ko uba kan halarci kowane darasi, ya rubuta abin da malami ya faɗa, domin shi ne malamin gida a sauran kwanakin mako. Sau da yawa ma uwar ake fara koya wa riƙon izga, yaro yana kallo, har kwaɗayin abin ya kama shi.

Makonnin farko kan tafi a kan abubuwan da mai kallo zai raina. Akan auna kujera yadda tafin ƙafar yaro zai taka ƙasa sosai, a daidaita tsawon tsinken ƙarfen, a koya masa zama ba tare da ya ɗaure kafaɗa ba. Sai riƙon izga, yatsa bayan yatsa. Malamai da yawa kan liƙa 'yan ƙyallaye masu launi a wuyan celo don nuna inda yatsa zai sauka, tun da wuyan ba shi da wata alama ko kaɗan. Ba a wucewa zuwa mataki na gaba sai wanda ake kai ya zama jiki.

Kiɗan farko a littafi na ɗaya shi ne wata sananniyar waƙar yara da Ingilishi ke kira "Twinkle, Twinkle, Little Star", wadda asalin karinta na Faransa ne. Suzuki ya sarrafa ta zuwa salon bugu daban-daban, kowanne yana horar da hannun dama a kan wani motsi. Akan haɗa kowane salo da wasu 'yan kalmomi masu gaɓoɓi daidai da bugun, yaro ya furta su da baki, ya tafa su da hannu, kafin ya ja su da izga. A nan akwai wani bambanci da ya sa ba a iya ɗauko littafin biyolin a miƙa wa mai celo kai tsaye. Tazarar da ke tsakanin amo da amo a wuyan celo ta fi faɗi, don haka inda mai biyolin ke sa yatsa na ɗaya da na biyu da na uku, mai celo na ɗaya da na uku da na huɗu yake sawa, kuma a kan tsirkiyar D da A yake farawa. Ke nan ƙaramin yatsa, wanda shi ne mafi rauni, tun ranar farko yake shiga aiki.

Littattafan celo guda goma ne, an jera su daga waƙoƙin gargajiya na Turai zuwa ayyukan Bach da Bréval, har zuwa manyan ayyukan Haydn a na tara da Boccherini a na goma. Ba a yar da kiɗan da aka wuce. Kullum sai an maimaita na baya, kamar yadda yaro ba ya daina faɗin kalmarsa ta farko don ya koyi ta ɗari. Akwai kuma darasin taro, inda ƙanana ke ganin manya suna kaɗa abin da su ma za su kai gare shi. Karatun rubutun kiɗa kuwa jinkirta shi ake yi sai hannu ya faɗa, bisa hujjar cewa ba a koya wa yaro karatu kafin ya iya magana.

4.0 Da'awar a Ma'aunin Ilimin Harshe

Wani ɓangare na da'awar ba ya buƙatar dogon musu. Ji yana gaba da furuci, furuci kuma yana gaba da rubutu. Wanda ya san yadda ɗan makaɗi ke tashi a ƙasar Hausa, yana bin ubansa wurin biki, ya yi amshi shekara da shekaru kafin a ba shi goge ko kalangu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da Suzuki ya ƙara shi ne tsara matakan a rubuce, da kuma cire sharaɗin gado, domin a wurinsa ɗan kowa na iya koya, kuma ba a yi wa yaro jarrabawar baiwa kafin a karɓe shi.

Sai dai kuma kamancen yana da iyaka, kuma iyakar tana daidai wurin da masana harshe suka fi ba muhimmanci. Suzuki ya ɗauki koyon harshe a matsayin kwaikwayo da maimaici da yabo. Wannan ya yi kusa da ra'ayin da B. F. Skinner ya bayyana a littafinsa na 1957, wanda Noam Chomsky ya yi wa raddi a 1959. Yaro ba ya tsayawa a kan abin da ya ji. Alal misali, yaron da ya ce "saniyoyi" a maimakon "shanu" bai ji wannan jam'i daga bakin kowa ba. Ya ciro ƙa'ida ne daga irin su "mota, motoci" da "taga, tagogi", ya ɗora ta inda ba ta hawa. Kuskuren nasa shi ne shaidar cewa yana gina nahawu. Ɗalibin celo a tsarin Suzuki kuwa jerin kaɗe-kaɗe ƙayyadaddu yake bi, kuma duk inda ya kauce daga faifai gyara shi za a yi. Yana iya kai littafi na biyar bai taɓa ƙirƙiro jimlar kiɗa ko ɗaya ta kansa ba. Wannan ya fi kama da hadda fiye da hira, ko da yake hadda ba abar rainawa ba ce.

Bugu da ƙari, harshe ba ya neman malami ko kuɗin darasi ko lokacin bita. Yaron da iyayensa ba su taɓa zaunar da shi don koyon magana ba zai yi magana. Celo kuwa sai da kayan kiɗa da za a riƙa sauyawa yayin da yaro ke girma, da uwa ko uba mai sukunin zama da shi kullum. Saboda haka idan aka ce kowane yaro na iyawa, a aikace ana nufin yaron da gidansu ke da wannan hali.

Batun fara koyo da wuri shi ya fi samun goyon baya. Eric Lenneberg ya kawo hujjoji a 1967 cewa akwai wani zango na ƙuruciya da harshe ya fi saurin kamuwa a cikinsa. A 2006 kuma Diana Deutsch da abokan aikinta suka kwatanta ɗaliban kiɗa na Beijing masu jin Sinancin Mandarin da takwarorinsu na Amurka masu jin Ingilishi, suka tarar cewa iya gane amo da sunansa ba tare da an ba da ma'auni ba ya fi yawa ga waɗanda suka fara kiɗa da wuri, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba ga masu Mandarin. Mandarin harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci masu nazarin harsunan Nijeriya su bi ta da nasu binciken.

Sukar da aka fi yi wa tsarin a Turai da Amurka ita ce ɗalibansa kan yi rauni wajen karanta rubutun kiɗa, musamman idan suka shiga ƙungiyar makaɗa inda ake ajiye wa kowa takarda a ce ya kaɗa nan take. Ga mai celo abin ya fi tsanani, domin yayin da ya yi nisa sai ya iya karanta rubutu da mabuɗi iri uku, alhali mai biyolin ɗaya ya ishe shi. Wannan ta sa malamai da yawa suka riƙa shigo da karatu tun yaro yana littafi na ɗaya ko na biyu, a wani lokaci na daban cikin darasi, su bar sababbin kaɗe-kaɗe ga kunne har zuwa lokacin da idon ya kamo shi.